Wata ƙara kusa da 24 Hz ta hana ni sakat, don Allah ku taimaka

Mai tambaya: Salam 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a Turai, aikina kan bayanan Virgo, na'urar gano girgizar sararin samaniya da ke Cascina kusa da Pisa, mai hannaye biyu na kilomita 3. Tun farko ba wannan fannin na so ba, tallafin ne ya zo a haka, gida kuma kullum ana tambayar yaushe zan dawo. To a cikin bayanan akwai wani layin ƙara kusa da 24 Hz (wato kaɗawa 24 a daƙiƙa), ya fito ya ɓace, wani lokaci ya ɗan gusa. Malamina ya ce in nemo tushensa kafin in kare aikina. Na gwada shi da makirufo, bai dace ba.

Injiniya: Ƙanwata, mota ce, wato injin lantarki mai juyi, ko shakka babu. Wutar Turai 50 Hz ce, motar fanka ko famfo mai sanda huɗu tana juyi ƙasa kaɗan da 1500 a minti, ki raba da 60, za ki samu ƙasa kaɗan da 25 a daƙiƙa. Gusawar kuwa nauyin aiki ne ke canzawa. A kashe na'urorin sanyaya ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ki ga wanda ya tafi da shi.

Malama: A hankali dai Injiniya. A LIGO ta Hanford, na'ura irin Virgo da ke Amurka, a 2017, an yi ta neman wata ƙara, ashe hankaki ne ke saran ƙanƙara a bututun sanyi. Ke makirufo kawai kika duba? Ina na'urar auna girgizar ƙasa da ta maganaɗisu? Da dare yake zuwa ko da rana?

Mai tambaya: Malama, makirufon ne mafi kusa da wurin, shi ya sa. Kuma ni ɗaliba ce, wa zai bar ni in kashe sanyaya ana ɗaukar bayanai?

Wani ɗalibi: Ku da kuke da wutar ma. Janaretan maƙwabcinmu ya lalata min awo kaf, malamina ya ce ni ne malalaci.

Injiniya: Hankaki ba ya sara a 24 Hz. Ki jira ranar gyara ki roƙi masu kula da wurin. Mota ce.

Malama: Har yanzu ba ta faɗi lokacin da yake fitowa ba.

Mai tambaya: Lokacin ba shi da tsari, Malama. Ni dai ina ganin hasken lezar da Virgo ke awo da shi ne ke warwatsuwa, amma malamina ba ya son jin haka.