Kan madubin hangen taurari ya ƙi zama a kan ƙafafunsa, ina matsalar take?

Ba'adare, Tawa:

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Tawa. Watanni biyu da suka wuce wani ɗan'uwana ya aiko mini da madubin hangen taurari na hannu daga Faransa, tare da kan da ke ɗaukarsa yana juya shi, irin wanda ake kira EQ5. Ƙafafun ƙarfe uku da ake ɗora kan a bisansu ba tare suka zo ba, a wurin wani mutum dabam aka saye su, aka tabbatar mini cewa za su dace.

Abubuwa uku ne suka hana ni sakat. Idan na ɗora kan, ba ya zama daram, gefe ɗaya yana ɗagawa har ana iya zura katin waya a tsakani. Doguwar kusar da ke shiga daga ƙasa tana tafiya da sauƙi zagaye uku ko huɗu, daga nan sai ta cije, alhali kan yana nan yana girgiɗi. Sannan da na saukar da ma'aunin gefe, mai nuna karkatar kan, zuwa digiri 15, ƙarfen daidaita nauyi ya riƙa bugun ƙafar da ke fuskantar arewa. Na yi niyyar sa filaya in ƙarasa ɗaure kusar da ƙarfi, sai zuciyata ta ƙi. Ina son in nuna wa ɗalibaina jinjirin wata mai zuwa, don haka ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Mai-Duban-Zara, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan taɓa matsalar farko kawai, domin ita ce na taɓa fuskanta. A saman ƙafafun akwai wani ɗan turken ƙarfe a tsaye, a gindin kan kuma akwai kusoshi biyu masu marfi da ke fuskantar juna, waɗanda aikinsu tura wannan turke don karkata kan gabas ko yamma kaɗan-kaɗan. Idan an ɗaure su kafin a ɗora kan, bakinsu yana hawa bisa turken maimakon su sa shi a tsakiya, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɗaga gefe guda. Ka warware su duka biyu har sarari ya buɗe sosai, ka ɗora, sannan ka mayar da su.

Idan ka yi haka bai zauna ba, ka auna faɗin ramin da ke tsakiyar saman ƙafafun. Na EQ5 milimita 60 ne, na babban wansa EQ6 kuwa milimita 65, kuma a ido kusan ba a bambance su. Ka kuma goge ramin da tsumma, saboda ƙurar hunturu da busasshen fenti suna taruwa a gefensa.

Tsohon Makaniki, Yamai:

Malam, Allah ya yi maka albarka da ka ajiye filayar nan. Shekaruna da yawa ina gyaran ramukan kusa da aka kashe da ƙarfin tsiya, kuma yadda ka siffanta abin, kusan na san ciwon tun ban gani ba.

Ramin da ke gindin irin wannan kai na kusar M10 ne, wato mai kaurin milimita 10, wadda tsakanin haƙori da haƙorinta milimita 1.5 ne. Akwai kuma wata kusa ta ma'aunin inci, 3/8, wadda ake sa wa manyan ƙafafun kyamara. Kaurinta milimita 9.5 da ɗoriya, tana da haƙora 16 a kowane inci, wanda ya kama kusan milimita 1.59 tsakanin haƙori da haƙori. To ka ga inda rikicin yake. Da yake ta fi ramin siranta, tana shiga ba gardama, mutum ya ɗauka tasa ce. Amma kowane zagaye tana kauce wa haƙoran ramin da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaucewar tana taruwa, zuwa zagaye na huɗu ko na biyar sai ƙarfe ya hau ƙarfe. Zatona shi ne wanda ya mallaki ƙafafun a da ya canza musu kusa don ya ɗora wani kai dabam.

Kada ka gwada ta da noti na M10 ka ce ka tabbatar, domin noti gajere ne, tana iya ratsa shi da sako-sako ta yaudare ka. Ka ɗauki ma'auni ka ƙirga tazara goma a jikin kusar: idan ta ba ka milimita 15 cif, M10 ce, idan ta kusa 16, ta inci ce. Ko kuma ka kai ta wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ya auna kaurinta, aikin minti ɗaya ne.

Dalilin da ya sa nake jaddada wannan shi ne gindin kan na alminiyom ne, kusar kuwa ƙarfe ce, kuma idan aka yi kokawa tsakaninsu an san wanda zai sha ƙasa. Sandar kusa ta M10 ba ta wuyar samu, ko a kasuwar Katako ta nan Yamai za a yanka maka iya tsawon da kake so, amma ramin da haƙoransa suka zube sai an faɗaɗa shi an dasa masa sabon zoben haƙora, kuma ba kowane mai gyara ke iya yin sa a miƙe ba. Idan ma ta tabbata M10 ce, to akwai yiwuwar tsawo ne ya yi mata yawa har tana tokarar ƙarshen ramin kafin ta ja kan ƙasa. Maganin wannan washa ɗaya ko biyu, abin da muke kira rondel, a ƙarƙashin saman ƙafafun.

Malamar Lissafi, Yamai:

Abin da Baba Makaniki ya faɗa ba shi da ƙari. Ni zan yi magana a kan bugun ƙafa, domin wannan ba lalacewa ba ce, wurin zamanmu ne ya jawo shi. Irin wannan kai dole a karkata sandar da yake juyawa a kanta ta dubi tauraron arewa, kuma tsayin tauraron daga doron ƙasa daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu. A birnin Faris ya kusa digiri 49, shi ya sa sandar nauyin take fita waje nesa da ƙafa. A Tawa kusan 15 ne, a nan Yamai 13 da rabi, saboda haka sandar nauyin tana rataye kusan a tsaye, ta sauko daidai kan ƙafar arewa.

Ka duba ko akwai rami na biyu a ɗaya gefen saman ƙafafun, inda za a iya mayar da turken nan da aka ambata. Idan akwai, nauyin zai faɗa tsakanin ƙafafu biyu, ya wuce ba tare da ya taɓa komai ba. Haka nawa yake shekara da shekaru.

Mai-Duban-Zara, Yamai:

Malama, da izininki, ina da ja a kan wannan shawara saboda wurin da za a yi amfani da shi. Idan nauyi ya koma tsakanin ƙafafu biyu, babu abin da ke tokare shi ta arewa, kuma a farfajiyar makaranta, a kan rairayi, da yara talatin suna turereniya, hannu ɗaya ya isa ya kifar da komai. Ni na fi son a ƙara ɗan bututun tsawo tsakanin kan da ƙafafun, ya ɗaga nauyin sama da inda yake bugu.

Malamar Lissafi, Yamai:

Gaskiyarka game da yara, sai dai bututun yana buƙatar fuskoki biyu da aka sassaƙa daidai, kuma idan mai walda ya karkace shi ko kaɗan, an koma matsalar farko. Kafin a same shi, a buɗe ƙafafun iyakar buɗewarsu, kada a ja tsawonsu, a sa fale-falen tayil a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kuma rataya ƙaramin buhun yashi a tsakiya. Kada a taɓa ɗora madubin kafin a sa ƙarfen nauyi, kada kuma a cire ƙarfen kafin a sauke madubin.

Ba'adare, Tawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na warware kusoshin gefe kamar yadda aka ce, kan ya faɗa mazauninsa nan take, ramin kuma milimita 60 ne. Na ƙirga tazara goma a jikin doguwar kusar, ta ba ni kusan 16, ke nan zaton Baba ya tabbata. Na haska ramin da tocila, haƙora biyu na farko sun ɗan goge, sauran lafiyarsu lau. Wani mai injin sassaƙa ƙarfe a nan garin ya karɓi tsohuwar sandar zai yi mini irinta da M10, ya ce in koma jibi.

Rami na biyu yana nan, amma turken ya ƙi motsi, da alama tsatsa ta kama shi. Na ɗiga masa mai tun da safe na bar shi ya jiƙa. Baba, idan bai saki ba zuwa gobe, ya halatta in ɗan gasa gefensa da wuta, ko zafin zai ɓata alminiyom ɗin?