Yarana sun ƙi buɗe baki da Rashanci, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Maigidana yana ƙaro karatun likitanci a Kazan, ƙasar Rasha, na biyo shi da yara biyu, namijin shekara shida, macen huɗu. Rashancina bai wuce na cefane ba. Babban muke son sakawa aji ɗaya ranar 1 ga Satumba, ga shi tun 1 ga Afrilun 2025 doka ta ce ba a ɗaukar ɗan baƙo a makaranta sai ya ci jarrabawar Rashanci. Na sayo littafin haruffa ina zaunar da shi, kullum a kuka ake tashi. In mun sauka filin wasa kuma sai ya maƙale a jikina yana kallon yara. Wallahi abin yana hana ni barci. Ta ina zan fara?

Wata uwa a Mosko: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ki kuma ajiye littafin nan tukuna. Mai shiga aji ɗaya da baki ake gwada shi, wato ya ji ya gane, ya ba da amsa. Haruffan nan 33 za su jira.

Ki tambayi maƙwabta ina gidan ƙere-ƙeren yara yake a unguwarku. Akwai azuzuwan bayan makaranta da suke kira kruzhok: zane, mulmula plastilin (wato yumɓun wasan yara mai launi-launi), dara, ɗinki. Ki zaɓi wanda hannu ke aiki a cikinsa. Tawa 'yar a na plastilin bakinta ya buɗe. Malamar takan ɗaga dunƙule ta ce "krasni", yara su ɗauki ja. Ta mulmula a tafin hannu tana faɗin abin da take yi, su ma su mulmula. Ba a tsare kowa da tambaya, shi ya sa kunya ba ta kama ta ba. Ran nan ina wanke-wanke na ji ta tana yi wa magen da ta ƙera faɗa da Rashanci, har da kaɗa yatsa irin na malamar.

Wani ɗalibi a Kazan: Anti, ki ba shi bokiti da ɗan shebur ki kai shi ramin yashin da ke tsakar gidajenku. Kayan wasa ne ke jawo abokai. "Dai" da "na", wato ba ni da ungo, sun ishe shi ranar farko. Sannan duk gidan ku koma Rashanci zalla, a jingine Hausa zuwa bayan jarrabawa.

Wata malamar firamare: Ɗana, shawarar bokiti ta yi, amma ta jingine Hausa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Uwar da kanta ta ce nata Rashancin na cefane ne, me za ta koya musu in ba gurguwar magana ba? Su kuma yara a ƙasar nan, da sun shiga makaranta Rashanci sai ya rinjaye su, Hausar ce za ki dawo kina roƙo. Ranar da kaka ta kira daga gida jika ya kasa gaishe ta, za ki ji ciwon abin.

Abin da zan ce, Maman yara, ki ware rabin awa kullum na wasa kawai. Akwai wani wasan ƙwallo da yaran Rasha ke yi: ki jefa ƙwallo ki ambaci abu, in ana cin sa yaro ya cafke, in ba a ci ya ture. Ki fara da abin da ke kicin ɗinki, burodi, madara, cokali. Ki yi kuskure da gangan ya gyara miki, yara na son haka. Ƙaramar kuwa ki nema mata gurbi a detski sad, wato makarantar renon yara, ita ba ta da wuya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, har na ji sanyi a raina. Yaya, in bai ci jarrabawar ba fa?

Wata uwa a Mosko: Ana sakewa bayan wata uku, kuma yara da yawa a nan sai sun kai bakwai suke shiga aji ɗaya, don haka bai makara ba. Ku dai tabbatar takardun zamansa sun cika, su ake fara dubawa kafin a kira shi gwajin. Ki leƙa ɗakin karatun yara ma, rajista kyauta ce, kuma sukan yi zaman karanta tatsuniya.