Cakulan marar madara: in ba ta ko in hana?

Maman Hanifa (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka, ya zafi? Shawara nake nema, don Allah duk wanda ya san kan abin nan ya taimaka mini.

'Yata Hanifa shekararta huɗu. Tun da aka yaye ta, muddin madarar shanu ta shiga bakinta, ta gari ce ko ta gwangwani ko nonon talla, kafin a jima jikinta ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, wani sa'in har da amai. Likitan yara ya ce borin jini madarar ke tayar mata, mu raba ta da ita da duk abin da aka zuba ta a ciki. A gida mun kiyaye. Waje ne ke ba ni wahala: gidan suna, gidan biki, ga Sallah ta ƙarato. Yara za su cika hannu da cakulan da alawar madara da gullisuwa, ita kuwa tana raɓe a jikin zanena tana bin bakinsu da kallo. Yanzu ma ta daina kuka, sai dai ta ce, "Mama, wannan irin nawa ne?" Wallahi tambayar nan ta fi kukan ci mini rai.

Yayana da ke Yawunde ya shiga babban kanti ya haɗo mata kwali guda, ya sa a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, mota ta ƙaraso da shi. Akwai baƙin cakulan, da wani mai ruwan ƙasa wai da shinkafa aka maye madararsa, da ƙananan kofuna na wani abin zaƙi mai kauri na waken soya, da biskit. Kusan kowanne an buga masa "vegan" a goshi. Ban ba ta ko ɗaya ba tukuna. A bayan biyu daga ciki an rubuta da ƙananan baƙaƙe "peut contenir des traces de lait", wato ana iya samun ɓurɓushin madara a ciki. A jerin kayan haɗi kuma na ga "beurre de cacao", ni ko na san beurre man shanu ne. Ga shi baƙin da na buɗe ya yi fari-fari a sama, ban sani ba ko fumfuna ce. In ba ta, ko in hana?

Hajiya Inna (Marwa):
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya miki ita. Ni dai da za ki ji tawa, ki rabu da kayan kwalin nan da ba mu san hannun da ya haɗa su ba. Dabino na nan, dakuwa na nan, ga kantun riɗi, ga nakiya. Kuma ki gwada mata nonon akuya ko kindirmo mai kyau. Jikana ma madarar gari na ɓata masa ciki, amma kindirmo sai ya sha ƙwarya guda ya kwana lafiya lau.

Anti Nas (Ngaundare):
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa miki a kan nonon akuya da kindirmo. Abin da ke damun jikanki daban, na Hanifa daban, kuma haɗa su wuri guda shi ke kawo mana yara asibiti ranga-ranga.

A cikin madara akwai wani sukari, laktos. Hanji na fitar da wani sinadari da ke narkar da shi, amma a jikin mutane da yawa sinadarin nan raguwa yake bayan yaye, har ana ƙiyasin kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. Fulani makiyaya da dama sun gaji riƙe shi har tsufa, shi ya sa suke shan ɗanyen nono ba ruwansu. Wanda nasa ya ragu, in ya sha madara ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, iska, wani lokaci zawo. Akwai wahala, amma ba ya kisa. Irin wannan kindirmo na yi masa sauƙi, don ƙwayoyin da suka tsamar da nonon sun riga sun cinye wani kaso na sukarin. Da alama shi ne na jikanki.

Na Hanifa kuwa garkuwar jikinta ce ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Tsami ba ya gusar da furotin ɗin nan, tafasawa ma ba abin dogaro ba ce, kuma na akuya da na tunkiya sun yi kusa da na saniya ƙwarai, yawancin yaran da ɗaya ke tayar wa bori ɗayan ma yana tayar musu. Maman Hanifa, don Allah kada ki gwada. Haka duk abin da aka rubuta masa "sans lactose": sau da yawa madarar shanu ce sosai, sukarin kawai aka narkar, furotin ɗin na nan daram. Nakiyar ma ki tambayi mai yi, wasu da man shanu suke haɗa ta.

Sai maganar "vegan". Abin da kamfani ke nufi shi ne bai sa kayan dabba a haɗinsa da gangan ba. Bai yi miki alkawarin cewa injin da ya zuba wannan bai zuba mai madara kafinsa ba, kuma injin cakulan wuyar tsabtacewa gare shi, tunda cakulan ba ya shiri da ruwa. A 2018 zuwa 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada baƙin cakulan iri 52 da aka rubuta musu babu madara, ta samu madara a iri 4. Waɗannan ma masu da'awar babu ke nan, balle wanda ya faɗa miki da bakinsa cewa ana iya samun ɓurɓushi. Biyun nan ki ajiye su gefe, ki ɗauki takardunsu ki kai wa likitanta. Shi ya san ƙarfin borin nata. Yarinyar da leɓenta ke kumbura, ni ba zan ce a yi gwaji da ita a gida ba.

In kuwa ta ci wani abu kika ji numfashinta na fita da ƙyar, ko murya ta dashe, ko harshe ya kumbura, ko jiki ya saki, kada a tsaya jiƙa komai. A hau mashin sai asibiti, allurar adirenalin take buƙata.

Abban Sadik (Kusiri):
Maman Hanifa, ni ɗan kanti ne, bari in ɗauke miki biyu daga damuwarki. "Beurre de cacao" ba ruwansa da saniya. Mai ne da ake matsowa daga ƙwayar kakawo, wato kokon da ake cakulan da shi. Cakulan na asali ma ba shi da madara: niƙaƙƙen kakawo, man kakawo, sukari, shi ke nan. Sai a 1875 wani mutumin Suwizalan, Daniel Peter, ya gano yadda za a haɗa shi da madara. Abin da za ki farauta a jerin kayan haɗi shi ne lait, lactosérum, petit-lait, caséine, crème, beurre concentré, matière grasse laitière, duk madara ce ko abin da aka samo daga gare ta. Kada baƙin launi ya ruɗe ki, akwai baƙin cakulan da ake sa wa man shanu don ya yi laushi a baki. In kayan daga Faransa ko Beljiyam suka fito, dokar Tarayyar Turai ta tilasta a fito da abubuwa 14 masu tayar da bori fili a cikin jerin, yawanci da baƙi mai kauri, madara na ciki, waken soya da gyaɗa da riɗi ma suna ciki.

Farin da kika gani, in a bushe yake, ba gashi-gashi, ba wari, to mai ne. Man kakawo na narkewa a wajen digiri 34, mu kuwa nan a watan Afrilu muna haura 40. Ya narke a hanya, ya sake daskarewa, man ya taso sama. Ba ya cutarwa, daɗin ne kawai ke raguwa, ya riƙa marmashewa a baki.

Kofunan nan su na fi ji. Iri biyu ne: akwai wanda aka dafa da wuta mai ƙarfi aka rufe, yana zama a kan kanta wata da watanni, akwai kuma wanda dole ya zauna a sanyi daga masana'anta har bakin mai ci. Ki duba ko an rubuta a ajiye tsakanin digiri 0 da 6, ko makamancin haka. In shi ne, kwana a jirgi da wuni a bayan mota sun gama da shi, ko da kwanan watansa bai cika ba. Wanda murfinsa ya kumbura kuwa sai bola.

Abin da ke ba ni takaici, Kamaru na cikin ƙasashe biyar da suka fi noman kakawo a duniya. A kudu ake nomansa, mafi yawansa ya bi ta Duwala ya tafi Turai ɗanye, sannan mu sayo shi a takarda mai ƙyalli da tsadar gaske.

Maman Biyu (Njamena):
Ni irin jikan Hajiya ce, madara kumbura mini ciki take yi, don haka na ɗanɗani kayan nan da dama. Baƙin cakulan da kakawonsa ya kai kashi 85 cikin ɗari yaro ba zai ci ba, ɗaci gare shi, zai tofar ya ce kin ba shi magani. Daga 50 zuwa 60 ya fi kusa da bakin yara. Na shinkafa zaƙinsa ya yi yawa kuma ba shi da maiƙon nan da ke lulluɓe harshe, amma yara na son sa. Na kofin soya mai cakulan shi ya fi burge ni, kaurinsa kamar kunun gyaɗa da ya huce, kuma kakawon ya danne ƙarnin waken. Na kwakwa akwai daɗi, sai dai ya cika nauyi.

Ki lura da wannan: a 2024 masu Nutella, cakulan ɗin nan na shafa wa burodi, sun fito da wata marar madara a Faransa da Italiya da Beljiyam, suka maye madarar da wani waken Turawa da zaƙin shinkafa. Su da kansu suka ce ta dace da irina, amma ba ta dace da mai borin furotin ɗin madara ba, saboda masana'antar na aiki da madara. Ni zan ci lafiya, Hanifa a'a.

Malam na Domayo (Marwa):
Allah Ya ba yarinya lafiya. Ƙarin bayani kaɗan: wasu na ɗauka duk abin da aka ce babu kayan dabba a ciki ya halatta kai tsaye. Gaskiya ne an huta da jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Amma giya ba dabba ba ce, ana iya zuba ta. In kika ga rhum, liqueur ko alcool a jerin, ki ajiye.

Maman Hanifa (Garwa):
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Abban Sadik, na duba, kofunan irin na kan kanta ne, murfinsu lafiya, kuma ba a ambaci madara ko'ina a jikinsu ba. Awara tana ci ba abin da ke samunta, to ina ganin soya ba matsala. Biyun can na ware su kamar yadda Anti ta ce. Sai dai gaskiya ba zan iya dogara da aike daga Yawunde ba, kuɗin kwalin nan ya kai cefanen kwanaki. Ko akwai abin da zan haɗa mata da hannuna? Sannan ga wata: kakarta ta wajen uba tana cewa ɗan kaɗan ba ya komai, a haka jiki zai saba. Ina jin nauyinta, ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Yaya Ladi (Garwa):
Ƙanwata, ki nemi garin kakawo zalla, wanda aka rubuta masa 100% cacao, marar sukari. Kada ki ɗauko na gwangwanin shayin safe, da yawansu an riga an haɗa su da madarar gari. Ki jiƙa aya ta kwana, ki markaɗa da dabino da 'yar kwakwa, ki tace da kyalle mai laushi. Garin kakawon ki fara dama cokali biyu da ɗan ruwan zafi a kofi har ya yi sumul, in kika zuba shi kai tsaye gudaji zai yi ya yi ta yawo a sama. Ki juye a ruwan ayar, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa ba tsayawa. Aya na da sitaci, da kanta za ta fara kauri, in kina son ya kama sosai ki ƙara cokali ɗaya na garin Maizena da kika dama da ruwan sanyi. Ki zuba a ƙananan kofuna ki sa a firji. Wanda kika bari da ruwa-ruwa ki ƙulla a leda ya yi ƙanƙara, ranar Sallah ki raba wa duk yaran gidan, ita ma ta ga kowa irin nata yake sha. Ki yi daidai na yini ɗaya, aya ba ta jure zafin nan, in wuta ta ɗauke kafin la'asar ta yi tsami.

Na shafa wa burodi kuma, in tana cin gyaɗa lafiya: markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa, garin kakawo, zuma, ɗan man gyaɗa, ɗan gishiri a bakin yatsa. Burodin ki tsaya kan bagat, dogon burodin nan na Faransa, masu laushin nan ana yawan sa musu madara ko bota.

Anti Nas (Ngaundare):
Haɗin Yaya Ladi ya yi. Amma a riƙe cewa kayan kwaɗayi ne, ruwan aya ko na shinkafa ba ya biyan abin da madara ke ba ƙashi. Ki yawaita mata miyar kuka da zogale da riɗi, da ƙananan busassun kifin nan na Lagdo da ake dakawa har ƙaya. Masu jarirai kuma da ke karantawa, kada a maye wa ɗan ƙasa da shekara ɗaya nonon uwa da ruwan aya ko na soya na gida. Maganar "jiki zai saba" tana da ɗan tushe, don yara da yawa borin madara na barinsu in sun girma. Sai dai likita ne ke gwada hakan a asibiti, da magani a kusa.

Hajiya Inna (Marwa):
To Nas, na ji, na janye maganar akuya. Zancen kaka kuwa ku bar mini, mu muka san halin junanmu. 'Yata, kada ki yi musu da surukarki, ko kin fi ta gaskiya ba za ta karɓa daga bakinki ba. Ɗanta ya ɗauke ta su tafi wurin likitan tare, ta ji da kunnenta. Sannan ki gane, so take jikarta ta shigo ɗakinta ta fita da abu a hannu. Ki cika mata langa da dabino da dakuwa da biskit ɗin da likita ya amince da shi, ki kai mata da ladabi ki ce, "Inna, ga na Hanifa, a wurinki za ta riƙa karɓa."

Maman Hanifa (Garwa):
Na gode Hajiya, yau da dare zan yi wa Abban Hanifa maganar. Ranar Litinin in sha Allahu za mu je asibiti da takardun cakulan ɗin duka. Yaya Ladi, garin kakawon a babbar kasuwa kike samu ko sai kanti?

Yaya Ladi (Garwa):
Kanti, wajen kayan kek. Na awo a kasuwa ba takarda a jikinsa, ba ki san da me aka gauraya shi ba. Ki karanta bayan ledar kafin ki biya, shi ma wani kan zo da gargaɗin ɓurɓushin madarar.