Prostate da Hausa: ni dai na tsaya a kan "gammon mafitsara"

1/ Jama'a, akwai kalmar da ta daɗe tana yi mini tsaye a rai. Duk lokacin da aka zo fassara prostate, sai a ce "mafitsara". A watan Janairun 2024, da aka yi wa Sarki Charles na Ingila aikin kumburin wannan gaɓa, na ji mutane suna cewa mafitsararsa ce ta kumbura. Ba ita ba ce. Mafitsara jakar tara fitsari ce, mace ma tana da ita. Wannan kuwa namiji kaɗai Allah Ya yi wa.

2/ Mu fara ganin abin kafin mu raɗa masa suna. Wani dunƙulen nama ne mai nauyin kusan giram 20 a jikin saurayi, yana zaune daidai ƙarƙashin mafitsara, a gaban dubura. Bututun fitsari ta tsakiyarsa yake ratsawa. Shi ya sa idan ya girma, yadda yake yi wa maza da yawa bayan shekara 50, sai ya shaƙe bututun: fitsari ya riƙa fita da ƙyar, a gama a ji kamar da saura, dare kuma a tashi sau uku sau huɗu.

3/ Aikinsa ba na fitsari ba ne, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su. Ƙwayoyin haihuwa a maraina ake yin su, shi kuma yana zuba wani ruwa fari-fari da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maniyyi. A cikin ruwan akwai sinadarin PSA, wanda ke tsinka maniyyi bayan ya fita da kauri don ƙwayoyin su samu sakewa. PSA ɗin nan ne likita ke aunawa a jini.

4/ Wani ya kawo "ƙululun maniyyi". Ban karɓa ba. Bahaushe in ya ji ƙululu, ciwo ya ji, alhali lafiyayyen namiji ma yana da abin. "Jakar maniyyi" kuma ta fi dacewa da wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, masu bayar da mafi yawan ruwan. "Matashin mafitsara" ya ba ni dariya, abin da dattawa yake wahalarwa a kira shi matashi.

5/ Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mai tsayawa a gaba. Idan muka bi wannan muka ce "gaban mafitsara", kun san inda hankalin mai sauraro zai tafi.

6/ Sai gammo ya faɗo mini. A naɗe yake, da rami a tsakiya, kaya kuma a kansa suke zama. Mafitsara ce kayan, bututun fitsari ya bi ta ramin. Ku gwada a baki: "kumburin gammon mafitsara", "sankarar gammon mafitsara". Da haka an raba ta da sankarar mafitsara ta gaskiya, wadda cuta ce daban mai magani daban.

7/ Na san sunan bai faɗi komai game da maniyyi ba, wurin zama kawai ya nuna. Amma dattijo zai iya furta shi a gaban likita ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Likitocinmu, in da gyara ku yi mini.