Zauren Hausawan Jidda: ina ake samun alobera mai kyau?

Maman Walid: Salamu alaikum jama'a. Yayata ce ake wa allurar kemo saboda sankarar mama. An ce mana alobera da zuma na cinye cutar. Wane shagon attar (masu sayar da magungunan gargajiya) ne a unguwar Balad ke da mai kyau?

Baban Sadik: Allah ya ba ta lafiya. Ai ko a Bab Makka ba za ki rasa ba.

Hajiya Ta Makka: 'Yata, ki saurare ni. Haka aka yi da mijin ƙanwata. Wani mai magani ya ce a markaɗa ganyen da ɓawonsa, har da wannan ruwan ɗorawa mai ɗaci da ke tsatsowa idan an yanka, a sha safe da yamma. Ya ce gudawar da zai yi cutar ce ke fita. Mutum yana ta zawo muna ta hamdala! Sai da ya kasa ɗaga kofin shayi, ƙafafunsa na ɗaurewa, muka kwashe shi sai asibiti. Likita ya ce ruwa da gishirin jikinsa sun ƙare, ƙoda ta fara taɓuwa. Dole aka ɗage masa kemo sai da ya farfaɗo. Mai maganin kuwa har yau wayarsa a kashe.

Alhaji Direba: Kun kai ga ɗan damfara ne Hajiya. Kakanninmu da karan masallaci da tinya suka rayu.

Baban Sadik: Tinyar da maharba ke dafin kibiya da ita? Alhaji kai ka fara sha mu gani.

Alhaji Direba: Kai dai biya ni riyal hamsin ɗina na Ɗa'if tukuna.

Anti Nas: Maman Walid, abin da kike ji yana da tushe amma an ƙara masa gishiri. Akwai sinadari a alobera da aka ga yana kashe ƙwayoyin sankara a kwanon gwaji da jikin ɓeraye. Ba a tabbatar yana warkar da mutum ba. Hukumar binciken sankara ta WHO ma ta sa ruwan ganyen da aka haɗa da ɓawo cikin abubuwan da ake zargin suna iya jawo sankarar. Amurka kuwa tun 2002 ta hana sayar da shi a matsayin maganin taurin bahaya. Ba raina tsiro nake ba, vincristine da ake ba yara masu sankarar jini daga wani fure na Madagaska aka ciro shi, sai dai an tace, an auna. Kafin Yaya ta sha komai, a nuna wa likitanta.

Ummu Hanan: Zumar dagmus (wani tsiro dangin tinya) ta Maroko fa? Ina da saura kwalba biyu, a yi min magana ta gefe.

Admin: Ummu Hanan, talla sai ranar Juma'a.

Maman Walid: To Anti, shafa aloberar a inda gashin na'urar asibiti ya ƙona mata fata fa?

Anti Nas: Shi ma ki tambayi masu gashin tukuna, kar a shafa komai kafin ta shiga na'ura.

Alhaji Direba: Ni dai a Kano na san wadda ta warke.