Burodin masara mai kiranberi don teburin Thanksgiving: ku ba ni shawara

Amarya (Columbus): Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da warhaka. Maƙwabciyarmu ta gayyace mu cin abincin Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, ranar Alhamis mai zuwa, kuma kowa da kwanon da zai kai. Ni burodin masara mai kiranberi, wato ƙananan jajayen 'ya'yan itacen nan masu tsami, ta roƙa in yi, mutanen za su kai goma sha biyu. Matar nan tun zuwana garin take ɗawainiya da ni, ina so in fita kunyarta. Don Allah wadda ta iya ta koya min, tun daga cefane har saukewa.

Hajiya Babba (Atlanta): Wa alaikumussalam amarya. Kafin a kai ga awo, ga abin da ya fi damuna. Kada ki ɗauki haɗaɗɗen garin kwali ba ki karanta bayansa ba. Jiffy ɗin nan mai shuɗin kwali da ya cika kantuna a watan nan, na asalin da kitsen alade a ciki, za ki ga an rubuta lard. Suna da wani daban da aka rubuta vegetarian a gabansa, shi babu kitsen dabba. Amma ki haɗa naki da hannunki ya fi kwanciyar hankali, aikin bai wuce minti goma ba. A teburin ma ki riƙa tambaya cikin ladabi, don a nan kudu da yawansu da man naman alade suke shafe kasko, har a ganye da wake suna sakawa.

Amarya (Columbus): Allah Ya saka da alheri Hajiya, wallahi shi na yi niyyar saya gobe.

Maman Yusra (Milwaukee): Ƙanwata kin zo gidan abin, don jiharmu Wisconsin ita ke noma fiye da rabin kiranberin Amurka, Massachusetts na bin baya. Daga Satumba zuwa Nuwamba ake girbinsa, shi ya sa yanzu ɗanyen ya cika kantuna, bayan Disamba kuma sai a firiza. Ledar da aka saba sayarwa oza 12 ce, wato gram 340, kusan kofi uku ke nan. Guda ɗaya ta ishe ki. Ki zaɓi masu tauri masu sheƙi, duk wanda ya yi laushi ko ya yamutse ki tsince ki zubar.

Ga awona na kasko ɗaya, na mutum shida zuwa takwas: garin masara kofi 1, fulawa kofi 1, sukari kashi ɗaya cikin uku na kofi, bakar hoda ƙaramin cokali 2, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙwai 2, buttermilk (madara mai tsami) kofi 1, narkakken bota kwatan kofi, kiranberi kofi 1. Ke sai ki ninka komai biyu.

Ki raba kowane ɗan kiranberi gida biyu da wuƙa, ki barbaɗa masa sukari babban cokali 2, ki ajiye shi kamar minti goma sha biyar. Ɗanyensa tsami ne da shi mai tsanani har da ɗan bauri, idan mutum ya tauna guda sukutum a cikin burodi sai ya yamutsa fuska. Busassun kaya a kwano ɗaya, masu ruwa a wani, sannan ki juye masu ruwan a kan garin ki juya da cokali har garin ya ɓace kawai. Ko kin ga 'yan gudaji ki ƙyale su. Yawan bugu ke tayar da danƙon fulawa, burodin ya fito da tauri. Ƙullin zai ɗan fi na waina kauri. Kiranberin shi ne ƙarshen shiga.

Hajiya Babba (Atlanta): Maman Yusra wannan naki ai kek ne. A nan burodin masara ba a sa masa sukari, fulawar ma kaɗan ce ko babu, masarar ake so a ji. Da miya da nama ake cinsa, ba da shayi ba.

Maman Yusra (Milwaukee): Gaskiyarki Hajiya, na kudu haka yake, kuma da farfesu babu kamarsa. Amma wanda babu sukari ba ya ɗaukar kiranberi, tsamin zai danne komai. Ita kuma a Ohio take, mutanen wajen mai ɗan zaƙi suka saba ci. Idan tana tsoron zaƙin ta rage zuwa kwatan kofi, kada dai ta cire gaba ɗaya.

Hajiya Babba (Atlanta): To na yarda da kwatan kofi. Amma kasko kam ba zan sassauta ba. Amarya ki nemi baƙin kaskon ƙarfe mai nauyin nan, mai faɗin inci 10. Ki sa shi cikin obin tun lokacin da kika kunna, a kan 400 na ma'aunin nan, wato 200 a namu na gida. Idan ya yi zafi sosai ki fito da shi, ki jefa bota cokali ɗaya ya narke ya zagaye, ki juye ƙullin. Dole ki ji ya yi cuuu. Wannan ƙarar ita ke ba shi ɓawon ƙasa mai ƙaras-ƙaras, kuma ita ke hana shi kamawa. Minti 20 zuwa 25, ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito ba ƙulli ya nuna. Ki kula da hannun kaskon, ki ɗora masa tsumma don kada ki manta ki cafke shi.

Amarya (Columbus): Hajiya ba ni da kaskon, farantin gashi mai kusurwa huɗu nake da shi. Kuma garin masarar tuwo da na saya a shagon 'yan Afirka zai yi?

Anti Rabi (Bronx): Farantin zai yi 'yar uwa, in mai inci 9 da 13 ne ma daidai yake da ninki biyun. Ki rage wuta zuwa 375, ki ba shi minti 30 zuwa 35, ki fara dubawa tun daga minti 28. Ɓawon ba zai kai na kasko ba, amma ya fi sauƙin yankawa ga mutane da yawa.

Garin tuwo kuwa ki bar shi wa tuwo. An surfe shi an niƙa shi lukwi, burodin zai fito a cushe, ba ƙamshin masara. Ki nemi wanda aka rubuta cornmeal, rawaya, mai matsakaicin tsaki. Abu biyu kada ki ɗauka: masa harina na mutanen Meziko, shi an dafa masararsa da ruwan farar ƙasa don yin tortilla, ɗanɗanonsa daban ne, sai cornstarch, shi sitaci ne zalla. In kin samu mai manyan tsaki kawai, ki jiƙa shi cikin buttermilk ɗin minti ashirin kafin ki haɗa, don kada ya yi gurus-gurus a haƙori.

Wani abu da nake so ki ƙara shi ne ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya, ki goga samansa kawai ban da farin. Lemo da kiranberi suna tafiya tare sosai, ƙamshin kaɗai zai sa a tambayi wa ya kawo.

Maman Yusra (Milwaukee): Ƙwarai Anti, na manta da lemon. In ba ki samu buttermilk ba, ki matse lemon tsami babban cokali ɗaya a kofin madara ki bari minti biyar zuwa goma. Tsamin nan ke tayar da sodar. Kada kuma ki ƙara soda kan awon, idan ta yi yawa za ki ga gefen kiranberin ya koma shuɗi-shuɗi ko kore, ga ɗaci.

Maman Khalil (Kano): Ina biye da ku tun ɗazu, yawuna har ya tsinke. Mu da ba mu da wannan 'ya'yan itacen fa? Ina da kindirmo, ina da masara rawaya. Zabibi zai maye gurbinsa?

Anti Rabi (Bronx): Kindirmo ma ya fi abin da muke fama da shi a nan, ki ɗan sirka shi da ruwa kawai. Zabibi zai ba ki zaƙi, ba zai ba ki tsami ba. Zoɓo za ki nema. A Florida ana shuka shi, kuma da shi wasu ke yin miyar tsamin da ake ci da talotalo a madadin kiranberi. Ki wanke shi tas saboda ƙasa, ki tafasa har ya yi laushi, ruwan ki haɗa abin shanki. Furen ki yayyanka ƙanana, ki mayar wuta da sukari da ɗan ruwa har ya kama jikinsa ya yi danƙo. Kamar rabin kofi zuwa kashi uku cikin huɗu ya isa kasko ɗaya. Masarar kuma ki ce wa mai inji ya ɓarza miki ƙanana, ki tankaɗe ki cire manyan tsakin da dusar.

Maman Khalil (Kano): Madalla. A tukunya da yashi zan gasa, gawayi a ƙasa, kaɗan a kan murfi, yadda nake yin kek ɗin sallah.

Amarya (Columbus): Tambayata ta ƙarshe. In gasa tun daren Laraba ko da safe? Ƙarfe uku aka ce a hallara. Kuma na ga busasshen kiranberi a leda, shi fa?

Hajiya Babba (Atlanta): Ranar za ki gasa 'yata, burodin masara ba ya son kwana, da wuri yake bushewa. Daren Laraba ki auna busassun kayan ki rufe, ki yanka kiranberin ki sa a firiji ba sukari. Ƙarfe ɗaya ki haɗa ki gasa. Kada ki sa ran obin ɗin mai gida, talotalo ya mamaye shi tun safe. In ya fito ki bar shi ya huce minti goma sha biyar a buɗe, sannan ki yafa masa tsumma mai tsabta. Idan kika rufe shi da leda ko murfi da zafinsa, tururi zai jiƙa ɓawon. A can za ki yanka, ki tafi da bota mai laushi da kika cakuɗa da zuma cokali biyu a ɗan kwano.

Maman Yusra (Milwaukee): Busasshen an riga an sa masa sukari, don haka in shi za ki yi amfani da shi ki rage na ƙullin, ki jiƙa shi a ruwan lemo mai ɗumi minti goma ki tsane. Amma tunda lokacin ɗanyen ne, ɗanyen ya fi kyau a ido, jan nan a cikin rawaya. Ki ware kamar cokali uku ki watsa a saman ƙullin kafin ya shiga obin. Kofi ɗayan da zai rage a ledar ki jefa firiza yadda yake, yana kai shekara, kuma in za ki sake yi ba sai ya narke ba.

Amarya (Columbus): Na rubuta duka. Ranar Asabar zan gwada rabin awon kasko ɗaya mu ci da maigida. Allah Ya bar zumunci, Ya raya mana zuri'a.

Anti Rabi (Bronx): Amin. In za ki yi rabin awo ƙwai ɗaya ne, faranti ƙarami, kuma ki duba shi tun daga minti 18.