Muhawara: Shin neman halatta aure ya danne sauran koke-koken 'yan LGBTQ?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum. Akwai zargin da ya daɗe yana yawo a tsakanin su kansu masu fafutukar LGBTQ, wato masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi da makamantansu, cewa manyan ƙungiyoyinsu sun zuba kuɗi da ƙarfi wajen neman a halatta auren jinsi, suka bar talakawansu da baƙaƙen fatarsu da masu sauya jinsi a baya. Ni dai na yarda da zargin. Bismillah, mai magana ya yi.

Malam: Ban ga abin muhawara a nan ba. Addini ya riga ya yi hukunci a kan wannan ɗabi'a.

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, ba hukuncin addini muka ɗauko ba, kuma ba wanda aka ce ya bar matsayinsa. Tambayar ita ce, idan ƙungiya ta fito tana neman adalci, ita ta yi adalci a cikin gidanta? Haka ake tambayar ƙungiyoyin ƙwadago da na mata.

Ɗalibar tarihi: Ina bayanka, Yaya. A watan Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall a New York, inda 'yan LGBTQ ke taruwa, mutane suka yi turjiya, daga nan fafutukar ta ɗauki sabon salo. Cikin waɗanda suka tsaya a titi a daren akwai yara marasa matsuguni, waɗanda iyaye suka kora. A 1970 masu fafutuka Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera suka kafa ƙungiyar STAR don sama wa irin waɗannan yara wurin kwana da abinci. Shekara uku kacal bayan haka, a gangamin 'yan LGBTQ na 1973 a New York, Rivera ta hau dandamali tana magana a kan 'yan uwansu da ke gidan yari, taron ya yi mata ihu. Mutanenta ne fa suka yi mata, ba abokan gaba ba. Kuma abin bai tsaya nan ba. A 2007 majalisar wakilan Amurka ta amince da ƙudirin hana korar ma'aikaci saboda yana neman jinsi ɗaya, amma sai da aka cire masu sauya jinsi daga ciki, kuma Human Rights Campaign, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyinsu, ta mara wa ƙudirin baya a haka.

Barista: Tarihin nan gaskiya ne, ƙanwata, amma kin sa aure ya zama kamar kayan ƙawa. A shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗibar su, mutum zai yi jinyar abokin zamansa shekara da shekaru, ranar ƙarshe asibiti ya hana shi shiga saboda shi ba dangi ba ne, bayan rasuwa kuma a fitar da shi daga gidan. Daga wannan ciwo neman aure ya samu ƙarfi. A dokokin tarayyar Amurka akwai tanade-tanade sama da 1,000 da suka rataya a kan aure: fansho, gado, takardar zama a ƙasa, haraji. Edith Windsor ta zauna da abokiyar zamanta Thea Spyer sama da shekara 40, da Spyer ta rasu a 2009 aka caje ta harajin gado dala 363,053, wanda da gwamnati ta amince da aurensu ba za ta biya ba. Ta kai ƙara, ta yi nasara a kotun ƙoli a 2013.

Ɗalibar tarihi: Barista, ai misalinka ya ƙarfafa maganata. Wane ne yake da dukiyar da harajin gadonta kawai zai kai haka?

Barista: Windsor mai hali ce, na yarda. Amma mai hali zai iya ɗaukar lauya ya rubuta masa wasiyya da takardar wakilci. Talaka ne ba shi da komai sai takardar aure. Shi ya fi buƙatarta.

Mai gabatarwa: To a duba jerin yadda abin ya zo. Kotun ƙolin Amurka ta halatta auren a faɗin ƙasar a 2015, amma sai a watan Yunin 2020, a shari'ar Bostock, ta ce doka ta hana korar mutum daga aiki saboda neman jinsi ɗaya ko sauya jinsi. Shekara biyar, a jihohi da yawa, mutum zai yi aure a hukumance, maigidansa ya ji labari ya sallame shi. Aimee Stephens, mai sauya jinsi da aka kora daga aiki a Michigan, ƙararta na cikin waɗanda aka haɗa, ta rasu a watan Mayu ba ta ji hukuncin ba. Wanda ba shi da aiki, da me zai riƙe auren?

Ma'aikaciyar jinya: Abin da ya fi tsaya mini a rai Afirka ta Kudu ce. Kundin tsarin mulkinta na 1996 ya hana wariya ga masu neman jinsi ɗaya, a 2006 ta halatta auren. A 2008 aka yi wa Eudy Simelane, 'yar wasan ƙwallon ƙafa ta Banyana Banyana, ƙungiyar mata ta ƙasar, wadda aka sani da neman jinsi ɗaya, fyaɗe aka kashe ta a garin KwaThema. Doka tana nan a rubuce, amma ba ta raka baƙar mace talaka hanyar gida da dare ba. Duk abin da mutum yake gani game da rayuwarta, babu addinin da ya halatta abin da aka yi mata.

Malam: Wannan kam zalunci ne, Hajiya. Babu wanda aka ba izinin ɗaukar doka a hannunsa.

Barista: Kuma an hukunta biyu daga cikin waɗanda suka aikata. Kada mu ɗora wa dokar aure laifin kisa, ba ita ta riƙe wuƙar ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ba laifin kisa na ɗora mata ba. Cewa nake masu kuɗin su ne ke zaɓar abin da za a sa a gaba. A 2011 David Cameron, yana firaministan Birtaniya, ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi ɗaya. Masu fafutuka na Afirka da kansu suka fitar da sanarwa suna cewa kada a yi, domin in aka yanke kuɗin asibiti da makaranta su za a huce a kai, kuma su ma asibitin suke zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye su ba kafin a yi magana da sunansu.

Barista: Wannan kuskuren gwamnati ne, ba na masu neman aure ba. Amma in ke ce ke riƙe da kuɗin, ƙanwata, ina za ki fara kai shi?

Ɗalibar tarihi: Wurin kwana ga yaran da aka kora, Barista. Sai dokar aiki da ta haya, sai lauyoyin da za su riƙa bin waɗanda 'yan sanda suka tsare. Kuma masu sauya jinsi su zauna a teburin da ake raba kuɗin.